Rijiyar da Ba Ta Shiga Lissafi Ba

Shekara da shekaru ke nan ina riƙe wa 'yan kasuwa littattafan kuɗi a nan Katsina, tun daga masu shagon taki da maganin feshi har zuwa wani kamfanin casar shinkafa da ke wajen gari, wanda shi ne ya fi cin lokacina. Idan shekara ta zo ƙarshe, aikina shi ne in tattara rasidai da bauca da takardun banki, in zauna a kansu har sai ɓangarori biyu na lissafi sun yi daidai: abin da kamfani ya mallaka a gefe guda, bashin da ake binsa da jarin masu shi a ɗaya gefen. Wanda bai taɓa raba dare yana neman naira 50 da ta maƙale tsakanin shafi biyu ba, da wuya ya fahimci sanyin da akanta yake ji a ransa sa'ad da ƙasan shafin hagu ya yi daidai da ƙasan na dama. Na daɗe ina ɗaukar wannan daidaito a matsayin shaidar cewa na faɗi gaskiyar kamfani gaba ɗayanta, har wata rijiya ta nuna mini inda littafina ya tsaya, wato inda rahoton kuɗi ya ƙare, rahoton ɗorewa ya fara, wanda yake duba abin da kamfani yake yi wa muhalli da jama'a.

Wata shekara da bazara ta tsananta, rijiyar burtsatsen kamfanin ta fara ja da baya, famfo ya riƙa tari yana fitar da iska maimakon ruwa. Turara shinkafa kuwa aiki ne mai shan ruwa, domin sai an jiƙa shanshera, an ba ta tururi, an busar da ita, sannan ta shiga inji. Ranar da babu ruwa, babu aiki. Alhaji mai kamfanin ya sa aka kawo masu haƙa, suka girke motarsu a bayan sito, suka haƙa sabuwar rijiya wadda ta fi tsohuwar zurfi nesa ba kusa ba. Ni kuma na yi abin da aka koya mini. Na rubuta cewa kuɗin ya fita daga asusun banki, na rubuta cewa ya shiga sahun kadarori, na kasa tsufan rijiyar a kan shekarun da ake sa ran za ta yi aiki. Da odita ya zo, ya duba rasidi, ya taka har bakin rijiyar ya gan ta da idonsa, ya sa hannu.

Bayan 'yan watanni, mai unguwar da ke bayan katangarmu ya zo tare da dattawa biyu. Alhaji ya yi tafiya Kano, sai aka shigo da su ofishina. Bayan mun gaisa, an tambayi iyali da gajiya, mai unguwa ya ce rijiyoyin gidaje da dama sun ƙafe, har da ta masallaci wadda tun yana yaro bai taɓa ganin ƙasanta ba. Yanzu laka guga yake dawowa da ita, magidanta kuma sun koma sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa. Ya dubi manyan littattafan da ke kan teburina, ya ce, "Malam Akawu, an ce kai ne mai rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita a gidan nan. To, mu ma ga wani abu ya fita daga wajenmu, sai ka rubuta." Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi babu gurbinsa a littafin nan." Ba raini na yi masa ba, gaskiyar sana'ata na faɗa masa. Ko rijiyarmu ce ta janye ruwan, ko ƙarancin damina ne, ko su biyun ne suka haɗu, babu wanda ya auna kafin haƙar balle bayanta, saboda haka maganar ba ta wuce zargi da musu ba.

Rahoton kuɗi yana da iyaka, kuma da gangan aka shata ta. Yana kallon kamfani tamkar mutum guda mai aljihunsa, ba ya rubuta komai sai abin da za a iya faɗa da naira, kuma mafi yawan abin da yake ba da labarinsa ya riga ya faru. Tsarin shigar da kowane ciniki sau biyu, wanda wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya bayyana a rubuce a birnin Venis a 1494 bayan 'yan kasuwar yankin sun daɗe suna aiki da shi, yana buƙatar kowace naira ta kasance an san inda ta fito da inda ta nufa. Ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa kuwa ba mu saye shi a hannun kowa ba, ba shi da rasidi, don haka a idon littafi ba shi da mafito. Ƙa'idojin akanta na duniya sun yarda a ware tanadi saboda asarar da ke tafe, amma sun gindaya sharuɗɗa: ya zama akwai wajibi a wuyan kamfani saboda wani abu da ya riga ya auku, ya zama an fi zaton zai biya, sannan a iya ƙiyasta adadin ƙiyasi abin dogaro. Da mutanen unguwa sun kai mu kotu, lauya ya duba ya ce da alama za mu sha kaye, da a ranar rijiyar masallaci ta samu gurbi a littafina. Da yake sun zo da sallama sun tafi da haƙuri, sai ƙa'ida ta ce babu abin da ya faru.

Wannan bai sa na shiga sahun masu raina rahoton kuɗi ba, domin wannan tsaurin nasa ne ya sa ake iya kama maƙaryaci da shi. Mu da muka tashi muna karanta ayar bashi, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wadda ta yi umarni a rubuta bashi ƙarami ne ko babba a kuma kafa shaidu, ba ma buƙatar dogon bayani a kan amfanin rubutu da shaida. Ba kuma cikin dare ɗaya rahoton kuɗi ya samu martabarsa ba. Kafin kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, kamfanoni da yawa abin da suka ga dama suke faɗa wa masu jari, sai dokokin 1933 da 1934 suka tilasta musu bayyana lissafinsu bayan mai bincike daga waje ya duba. A Najeriya doka ta kafa cibiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN a 1965, aka kafa Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi a 2011, sannan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma bin ƙa'idojin akanta na duniya, wato IFRS, daga 2012. Duk da haka ba a rasa masu coge ba. Kamfanin Enron ya durƙushe a 2001, ya ja Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin odita biyar na duniya a lokacin, suka faɗa rami tare. A nan gida kuma an gano a 2006 cewa an daɗe ana kumbura alƙaluman Cadbury Nigeria, aka sallami manyan jami'ansa. An iya kama su ne saboda akwai sanannen ma'auni da suka saɓa wa, akwai kuma sunan wanda ya sa hannu a ƙasan takarda.

Rahoton ɗorewa ɗan jiya ne idan aka gwada shi da wancan. Kalmar kanta ta yi tashe ne daga 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, lokacin da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ya bayyana ci gaba mai ɗorewa da cewa shi ne wanda yake biya wa mutanen yau buƙatarsu ba tare da ya hana 'yan baya biyan tasu ba. A 1989 jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya haye dutse a gaɓar Alaska ya malalar da ɗanyen mai a teku, sai wasu masu zuba jari da masu kare muhalli a Amurka suka haɗa kai suna neman kamfanoni su riƙa bayyana ɓarnar da suke yi. Daga wannan yunƙuri ne aka samu ƙungiyar GRI, mai tsara yadda ake rubuta rahoton ɗorewa, a 1997, wadda ta fitar da jagoranta na farko a 2000. Abin da irin wannan rahoto yake nema shi ne kamfani ya faɗi yawan ruwan da ya ɗiba da inda ya ɗebo shi, da man da ya ƙona, da inda yake zubar da shararsa, da adadin ma'aikatan da suka ji rauni, da yadda yake biyan leburori, da yadda yake zaune da maƙwabtansa. Ranar da na fara karanta jerin tambayoyin, sai na ga tambayar mai unguwa ce aka mayar fom.

Abu na farko da akanta zai yi tuntuɓe da shi a nan shi ne rashin mudu guda. A littafin kuɗi, buhun shanshera da albashin direba da tsufan janareta duk naira suke komawa, a tara, a ɗebe, a samu lamba ɗaya a ƙasa a kira ta riba ko faɗuwa. A rahoton ɗorewa kuwa akwai litar ruwa, akwai tan na hayaƙi, akwai yatsan leburan da bel ɗin inji ya datse, kuma babu hanyar da za a tara waɗannan ukun ko a ɗebe ɗaya daga cikin ɗaya. Kamfani ba zai ce tunda ya dasa bedi a bakin titi to kuɗin yatsa ya biya ba. Sannan babu shafi na biyu da zai tona asirin na farko. Idan na tsallake wani biya a littafin kuɗi, takardar banki za ta fallasa ni a ƙarshen wata. Idan kuwa na rage rabin ruwan da muka ɗiba na rubuta saura, babu wata takarda a duniya da za ta ƙaryata ni, sai fa in akwai mita a bakin rijiyar kuma akwai mai karanta ta.

Ba duka lissafin ne yake da wuya ba. Kowace litar man dizal da janareta ya ƙona tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon, saboda haka injin da ya sha lita 1,000 a wata ya saki kimanin tan 2.7, kuma rasidan gidan mai suna nan a fayil tun kafin kowa ya tambaya. Wannan shi ne kaso na farko cikin kasusuwa uku da aka raba hayaƙin kamfani, wato wanda ya tashi a cikin katangarka. Na biyu shi ne na wutar lantarkin da ka saya, shi ma takardar kuɗin wuta ta isa. Rigimar tana a kaso na uku, wanda ya ƙunshi duk hayaƙin da ya tashi a wani wuri saboda kasuwancinka: takin da manomi ya zuba, iskar da ke tashi daga fadamar shinkafa idan ruwa ya kwanta a cikinta, tirelar da ta ɗauko shanshera daga Kebbi ko Jigawa, har da itacen da uwargida ta hura ta dafa tuwon. A yawancin kamfanonin abinci wannan kaso ne ya fi girma, kuma shi ne wanda ba a auna shi sai dai a ƙiyasta. Mu da muke saye a hannun dillalai, buhu yakan ratsa hannu uku kafin ya hau sikelinmu, ba mu san gonar da ya fito ba balle takin da ya ci, duk lambar da muka rubuta a wannan gurbi cinikin biri ne a sama, ko da an ƙawata ta da ɗigo da lambobi biyu a bayansa.

Akwai kuma bambancin nisan hange. Idan ana so a tabbatar cewa kamfani zai ci gaba da tsayawa da ƙafarsa, abin da ƙa'idar akanta ta wajabta shi ne a duba aƙalla wata 12 masu zuwa. Ruwan ƙasa da ƙarfin gona da hamadar da ke matsowa ta wajen Mai'adua da Zango da Baure ba su san wannan kalanda ba. Katsina tana cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin dasa ganuwar itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare hamada, kuma a jihar nan ce ruwan dare ɗaya ya ci mutum fiye da 40 a Jibiya a watan Yulin 2018. Kamfanin da abincinsa ya dogara ga damina a irin wannan yanki yana ɗauke da haɗarin da bai gaza na tashin dala ba, amma tashin dala yana da layinsa a rahoton kuɗi, damina ba ta da shi. Littattafan kamfanin BP lafiya lau suke har zuwa ranar 20 ga Afrilun 2010, da rijiyarsa ta mai ta fashe a Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, kamfanin ya ƙare da biyan sama da dala biliyan 60. Sakacin da ya haifar da wannan asara ya daɗe yana taruwa, sai dai ba a wurin da akanta yake dubawa ba.

Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wa ake rubuta wa rahoton, domin a nan ne masu tsara ƙa'idojin kansu suka rabu gida biyu. A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, gidauniyar da take fitar da ƙa'idojin IFRS ta kafa wata sabuwar hukuma mai tsara ƙa'idojin rahoton ɗorewa, ISSB, wadda ta fitar da ƙa'idojinta biyu na farko, S1 da S2, a watan Yunin 2023. Ma'auninta shi ne kamfani ya bayyana duk wani al'amari na muhalli ko na jama'a da zai iya taɓa kuɗin da yake samu, ko damarsa ta cin bashi, ko tsadar jarin da yake nema. A taƙaice, abin da mai zuba jari zai so ya sani. GRI kuwa ɓarnar da kamfani yake yi wa mutane da muhalli take kallo, Tarayyar Turai kuma a dokarta ta 2022 ta haɗa fuskokin biyu, ta ce a faɗi abin da duniya za ta iya yi wa kamfani, a kuma faɗi abin da kamfani yake yi wa duniya.

A takarda bambancin kamar ƙarami ne, sai an ɗora shi a kan rijiyarmu. A ma'auni na farko, ja da bayan ruwan ƙasa labari ne da ya wajaba a faɗa, domin wata rana sabuwar rijiyar ma za ta yi tari, injin ya tsaya, bashin banki ya maƙale. Ƙafewar rijiyar masallaci kuwa ba za ta shiga ba sai in ana tsoron samarin unguwa za su tare ƙofa, ko za a yi ƙara, ko hukuma za ta rufe kamfanin. Ke nan mai unguwa mai haƙuri ya sake faɗuwa karo na biyu, kamar yadda ya faɗi a rahoton kuɗi. A ma'auni na biyu ne kaɗai rijiyarsa take da gurbi ko da ba za ta taɓa ribar Alhaji da kwabo ba. Wannan na biyun bai yi mini kama da baƙon tunani ba, domin malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan harimin rijiya, da kan hayaƙin tanderu da warin majema idan suka cutar da maƙwabci, duk a ƙarƙashin hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. A ganina ma'auni na farko ne zai yi rinjaye, saboda shi bankuna suke so kuma shi ya fi sauƙin bincike, amma na biyun ne ya fi kusa da abin da Bahaushe yake kira haƙƙi.

Wanda ya taɓa buɗe rahoton ɗorewa na wani babban kamfani ya san yadda da yawansu suke: takarda mai sheƙi, hoton yara suna dariya a bakin famfo, hoton manaja da shebur yana dasa itace. Fankan fankan ba shi ne kilishi ba. A watan Satumban 2015 wani fitaccen ma'aunin ɗorewa na duniya ya sa Volkswagen a gaban duk kamfanonin mota, bayan 'yan kwanaki hukumar muhalli ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da take yaudarar masu gwajin hayaƙi, daga baya shi da kansa ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Ko inda aka kawo mai bincike daga waje, a karanta lafazinsa da kyau. A rahoton kuɗi odita yana cewa a ra'ayinsa lissafin ya nuna haƙiƙanin halin kamfani. A yawancin rahotannin ɗorewa kuwa iyakar abin da yake cewa shi ne bai ci karo da wani abu da zai sa ya zaci akwai kuskure ba, kuma tsakanin maganganun biyu akwai tafiyar yini. A wajenmu nan akwai wani ruɗani na daban, wato haɗa sadaka da hisabi. Attajiri zai lissafa buhunan da ya raba da azumi da ajin da ya gina, ya ɗauka ya ba da rahoto. Allah ya saka masa, amma wannan labarin abin da ya yi da ribarsa ne, alhali tambayar da ake yi masa ita ce ta yaya ya samo ribar.

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu suna ganin wannan duk maganar Legas ce da Turai, alhali ta riga ta iso ƙofar gari. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idoji 9 da suka ɗora wa bankuna duba haɗarin muhalli da na jama'a a cikin bashin da suke bayarwa. Kasuwar hannun jari ta fitar da nata jagoran, wanda ya fara aiki a 2019. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce daraktoci su yi la'akari da tasirin aikin kamfani a kan muhallin al'ummar da yake zaune a cikinta. A watan Nuwamban 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya yi alkawari a Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da 2060, ya dawo ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta ɗora wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama ɗaukar matakan rage hayaƙi. A taron sauyin yanayi na Masar a 2022 Najeriya ta ce za ta kasance cikin na farko wajen karɓar ƙa'idojin ISSB, kuma jadawalin da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta fitar ya bar abin a matsayin ganin dama daga 2024 zuwa 2027, ya zama wajibi ga manyan kamfanoni daga 2028, ga ƙanana da matsakaita kuma daga 2030.

Mu ta hanyar banki ya same mu. Alhaji ya nemi bashin sayen shanshera da kaka, sai aka haɗo masa da wani fom mai shafuka da yawa da ke tambayar inda muke samun ruwa, da inda ruwan jiƙo yake kwarara, da abin da muke yi da buntu, da ko an taɓa kawo mana koke daga maƙwabta. Ya jujjuya shi, ya ajiye, ya ce, "Malam, anya wannan ba tarkon masu haraji ba ne?" Na ce, "Alhaji, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Su kuɗinsu suke jin tsoro." Tsoronsa ba na banza ba ne, domin a ƙasar nan duk lambar da ɗan kasuwa ya rubuta yana fargabar wani zai zo da ita yana neman kaso. Akwai kuma tsada: kamfanin da da ƙyar yake biyan odita sau ɗaya a shekara, a ce ya ɗauko ƙwararre daga Abuja ya ƙirga masa hayaƙi, alhali duk nahiyar Afirka abin da take fitarwa na iskar kabon bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Turawan da suka tsananta abin ma sun ji nauyinsa, har hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta kawo shawara a watan Fabrairun 2025 a sauke wa kusan kashi 80 cikin 100 na kamfanonin da dokar ta hau kansu. Shi ya sa nake ganin idan aka fara da tilasta wa injin casa a Katsina ƙiyasin hayaƙin gonakin Kebbi, abin da za a samu shi ne sabuwar sana'ar masu cike fom, irin waɗanda suke zama a bakin ofis da tebur. Ruwa, shara, rauni da albashi su ne abin da za a iya aunawa a nan, kuma su ne suke taɓa mutumin da ke bayan katanga.

Abin da na iya yi bai wuce abin da akanta ya sani ba, wato buɗe littafi. Na sayi babban littafi mai layi na ja masa ginshiƙai, muka sa mita a bakin rijiya, mai gadi yana karanta ta kowace safiya, mai kula da janareta yana rubuta litocin da ya zuba, shugaban leburori kuma yana rubuta duk wanda ya ji ciwo ko da ƙaramin yanka ne. Ba a yi wata uku ba littafin ya fara biyan kuɗinsa. Buntu yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, mu kuwa tara shi muke yi a bayan sito, a cinna masa wuta, ya kwana yana turnuƙe unguwa, alhali muna sayen itace mota-mota domin tukunyar tururi. Kuɗin itacen yana cikin littafin kuɗi shekara da shekaru, tulin buntun kuwa ba ya ciki saboda ba a saye shi daban ba, ba a kuma sayar ba. Sai da suka haɗu a shafi ɗaya Alhaji ya kira maƙeri a gyara murhun tukunyar ta riƙa cin buntu. Ya kuma yarda aka fitar da famfo ɗaya ta jikin katanga, ana buɗe shi safe da yamma.

Ginshiƙin ƙarshe na littafin na rijiyar masallaci ne. Ranar Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko, nakan je da igiya mai ƙulli a kowace mita da ɗan ƙarfe a bakinta, mu zura ta ni da ladan har mu ji ta taɓa ruwa ko laka, in rubuta abin da muka samu, mai unguwa ya sa hannu a gefen nawa. Shi ne shafi na biyu da na rasa, domin lambar da mutum biyu masu buƙata daban suka sa wa hannu ta fi wuyar murɗawa. Yanzu muna da ma'aunin damina biyu da rani biyu, ruwan yana tasowa bayan Agusta, yana sauka daga Maris, kuma yana saurin sauka a watannin da mitarmu ta fi gudu. Da fom ɗin banki ya sake zuwa bana, na cike gurbin ruwa da gurbin mai daga littafin ba tare da ƙiyasi ba, na kai wa Alhaji tare da shafin rijiyar masallaci a maƙale, na ce a ganina ya kamata ya tafi tare da sauran. Ya daɗe yana kallon sa hannun mai unguwa, sannan ya tambaye ni ko bankin ya nemi wannan shafin da sunansa. Na ce bai nema ba. Ya cire shi ya sa a aljihun tebur, ya ce in bar shi ya yi shawara, kuma ranar Litinin mai zuwa ne wa'adin mayar da fom ɗin yake cika.